Waƙar da Wardell Bai Taɓa Ji Ba

Daren da ya biyo bayan rasuwar Wardell Sims na ji bango yana tafiya. Ina kwance idona biyu, sai ga wani sauti mai kauri ya taso ta cikin bulo, kamar ƙaton mutum yana hawa matakala da takalman aiki. Ya yi 'yan taku, ya tsaya cak. Shiru ya biyo baya, har na fara cewa kunnena ne. Can kuma ya sake farawa daga ƙasa, ya hau, ya zo daidai inda ya tsaya ɗazu, ya sake tsayawa.

Ni mutum ne mai sauraron gidaje. A layinmu na arewacin Filadelfiya, a Amurka, gidajen a manne suke, bango ɗaya ke tsakaninka da maƙwabci, kuma kowane gida da irin kukansa. Na san tarin bututun ruwan zafi, na san yadda katakon ƙasa ke gunaguni in sanyi ya shigo. Ina da kwali cike da mariƙan ƙofofin gidajen da aka rushe a layin nan, wani lokaci nakan ɗauki ɗaya in kara a kunne, ko zan ji wanda ya riƙe shi na ƙarshe. 'Yata ta ce tarkace ne. Karatuna bai yi nisa ba, a gonar taba na ƙarasa shi can Karolina, saboda haka ba na musu da ita.

Amma wannan sautin ba baƙona ba ne. Farkon waƙar nan ne da Wardell ya yi kusan shekara arba'in yana sakawa, tsohuwar waƙar da kowa ya sani, wadda mawaƙan ke ta kiran kuɗi, kuɗi, kamar masu kiran yaron da ya ɓata a kasuwa. Kafin su buɗe baki akwai babbar jitar nan mai muryar ƙasa, wadda ake ce wa bes, ita kaɗai take fara tafiya. Bangonmu ba ya barin muryar mutum ta wuce, ƙasan kiɗan kawai yake tacewa ya miƙo mini. Sai dai Wardell bai taɓa katse ta ba, har ƙarshe yake barinta. Kuma Wardell a daren nan yana kwance a gidan masu shirya gawa, an ɗaure masa haɓa.

Na tashi na ɗora tafina a bangon. Na ji shi yana rawa a ƙarƙashin hannuna kamar cikin kyanwa. A raina na ce, to, ko mutumin ne ya dawo neman ƙofarsa, ya hau matakala ya tarar ba shi da hannun ƙwanƙwasawa.

Da safe na zagaya. Matarsa Ozella tana kicin da rigar jiya a jikinta, kofin gahawa ya huce a gabanta.

"Sista Ozella, kin kwana lafiya? Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya, Ɗan'uwa Lucius. Na hana ka barci ko? Na san kunnenka na nan manne da bangona kamar kaska."

"Na ɗauka shi ne."

"Ni ce," ta ce. "Ina ɗora allura a kan faifan, in sun zo za su fara waƙa sai in ɗage. Ba na son jin bakinsu."

Ta ture mini kujera da ƙafa, na zauna. Garmahon yana falo inda yake tun fil azal, da ƙatuwar lasifikarsa ta katako. A saman lasifikar akwai wuri guda da fenti ya goge, siffar tafin hannu sak, har da yatsu. Wardell kurma ne. A masana'antar ƙera taragon jirgin ƙasa kunnensa ya mutu, wajen injin da ke matse ƙarfe, tun kafin waƙar ta fito. Magana yana yi, da ƙarfi ma, kamar mai kiran wani a tsallaken kogi. Ji ne babu. Da leɓe yake gane mutane, kuma ya ƙware har abin ya zama tsoro: yana zaune a matakalar gidansa sai ya gaya maka gulmar da Sista Verlie ke yi a tsallaken titi. In zai saurari waƙarsa sai ya tuɓe takalmi da safa, ya taka katako da tafin ƙafa, ya ɗora hannu a lasifikar, ya lumshe ido.

"Ya sa na yi masa alkawari," in ji Ozella. "Tun yana asibiti. Ya ce ranar da zan koma gida, a sa mini waƙata a coci in ana fita da ni. Na ce to. Jiya na gaya wa Fasto, ya hau sosa ƙeya, ya ce sai abin da dattawan coci suka ce. Ka san dattawan coci Hosea Crump ne shi kaɗai."

"To, Wardell ɗin ma dai. Waƙar kuɗi a kan gawa?"

Ta daɗe tana juya kofin a kan tebur. Sannan ta ce in rantse da kabarin matata ba zan gaya wa kowa ba, na rantse.

"Bai san ta kuɗi ba ce."

Ta ce a makon da suka sallame shi daga aiki, saboda ba ya jin ƙararrawar gargaɗi, ya shigo da faifan a hammata. Wani mai mashaya ne ya ba shi, tsohon faifai daga akwatin kiɗan nan da ake jefa wa sulalla, takardar tsakiyarsa ta goge ba a ganin rubutu. A mashayar ya jingina da akwatin, ya ji abin yana dukan bayansa, shi ne karo na farko da wani kiɗa ya same shi tun da kunnen ya tafi. Ya saka a gida, ya ɗora hannu, ya juyo ya tambaye ta da wannan muryar tasa, Zella, me suke cewa?

"Lucius, ga tukunya babu komai, ga ni da ciki, ga mutum an kore shi ya dawo yana murmushi karon farko cikin watanni. In dube shi in ce masa kuɗi? Bakina ya ƙi. Sai na ce, wani mutum ne ya gaji, yana tafiya, yana komawa gida. Ya ce, na sani! Ai ga takunsa nan, ina ji."

Mu a cocinmu ba ma cewa jana'iza. Komawa gida muke cewa, haka ake bugawa a takardar da ake rabawa, haka Fasto ke faɗa a kan mumbari. Kalmar ke nan da ta ba Wardell.

"In na gaya wa Hosea gaskiya, zai yarda, na sani," ta ce. "Ba dutse ba ne. Amma kafin a binne shi layin nan kaf sun ji cewa kurman Ozella ya shekara arba'in yana rawa da waƙar da bai san kanta ba. A shagon Purnell za su yi ta dariya har Kirsimeti. Da ransa ban bari an yi masa dariya ba. In kuma na yi shiru, an fita da shi babu waƙarsa."

Na sha gahawarta mai sanyi na fito.

Shagon askin Purnell yana kwanar layi, tsakanin kantin da aka rufe da filin da gidan su Dorsey yake a da. Ba ni da gashin da zan aske, amma can nake zuwa in zauna. Na tarar maganar ta riga ni isa. Dattijo Hosea yana kan kujera an ɗaura masa ƙyalle a wuya, Skeet kuma, wanda ya yi tuƙin motar shara har ya yi ritaya, yana kan benci da jarida a cinya.

"Ga Lucius mai jin maganar bango," in ji Purnell. "Shigo, tsoho, zo ka raba mana gardama."

"Babu wata gardama," in ji Hosea. "Ba za a sa waƙar mashaya a gaban bagaden coci ba. Magana ta ƙare."

"Dattijo, tsakaninka da Allah, ka taɓa sauraron baitocin?" Purnell ya ɗaga almakashi sama. "Wa'azi ne tsantsa! Abin da kake gaya mana kowace Lahadi kafin a zagayo da farantin baiko, shi suke faɗa. Cewa suke ku yi hankali, abin nan zai lalata ku. Bambancin kawai, nasu wa'azin ba ya sa barci."

"Waɗanne baitoci?" in ji Skeet. "Wa ya taɓa jin baitoci? Ni dai in ta tashi ranar Juma'a da yamma, an biya albashi, na sa takalmana masu doguwar dunduniya, abin da nake ji shi ne kuɗi, kuɗi. Har aljihuna kan yi ɗumi."

"Aljihunka rabonsa da ɗumi tun kana da haƙoran gaba."

"Ka bar ni in gama, wanzamin banza. Waƙar yabon masu gidan rana ce, kowa ya sani. Dubi talabijin mana. Duk inda za a nuna wani attajiri yana fitowa daga mota, ita ake sakawa. Ka taɓa ganin an saka ta ana nuna ni?"

"Don ba su da kunne ne, kamar kai."

"Su mawaƙan fa? Sun ce kuɗi mugun abu ne, muka yi layi muka sayi faifai, suka kwashe mugun abin suka sayi dogayen motoci. In wa'azi ne, to ni ma ina son irin wannan cocin."

Aka yi dariya, ban da Hosea. Ya bari ta lafa, yana kallon kansa a madubi.

"Na fi ku sanin waƙar nan," ya ce. "Na yi rawa da ita kafin Ubangiji ya kama ni, kuma na fi Skeet iyawa. Na san baitocin, Purnell, har yanzu suna kaina. Amma ku tuna shekarun da ƙwayar nan ta shigo layinmu. Yaran da ke sayarwa a wannan kwanar, me suke sakawa a motocinsu? Ranar da na binne Dwight, ɗana, abokansa suka biyo mu makabarta da motocin nan, tagogi a sauke. Uwarsa tana kuka, ƙasa tana rawa da wannan jitar. Ba ruwana da abin da mawaƙa suka nufa. Na ga abin da masu ji suka yi da ita."

Almakashin Purnell ya yi shiru. Skeet ya naɗe jaridarsa ya sake buɗewa. Dukanmu mun je wannan binnewar.

Purnell ne ya nemi sauƙaƙa zaman. "Kai fa, Lucius? Kai ka fi kowa shan ta. Yabo ce ko wa'azi?"

"Ni ban taɓa jin kuɗi a cikinta ba," na ce. "Ta bango take zuwar mini. Tafiya kawai nake ji."

"Tafiya zuwa ina? Banki?" in ji Skeet.

Amsar tana kan harshena, na haɗiye ta. Suka yi dariyar da suka saba yi mini, wadda ba ta da zafi. Na zauna ina tunanin yadda za ta fito in da Wardell suke yi wa ita, sai na ga Ozella ta yi gaskiya.

A hanyar gida na yi ta juya abin. Waƙa ɗaya, ga Purnell ya ji wa'azi, Skeet ya ji ranar albashi, Hosea ya ji ƙasa tana zuba a kan akwatin ɗansa. Na taɓa ganin wani kifi a littafin jikata wanda idanunsa biyu duk a gefe ɗaya suke, rabin teku bai taɓa gani ba, kuma bai rame ba. Na ce a raina ko kunne ma haka ne. Sai na lura na wuce ƙofar gidana, na dawo.

Kwana biyu kafin a binne shi, Hosea ya zo yi wa Ozella ta'aziyya da yamma, hula a hannu. Ina nan zaune, da Sista Verlie ta tsallaken titi, wadda ke kaɗa mana ogan, babban kayan kiɗan nan mai kama da piyano, a coci tun muna da ƙarfi. Ta kawo dafaffen ganye da burodin masara, ta ƙi tafiya don ta ga alamar za a yi magana.

"Sista Ozella, Wardell ɗan'uwana ne," in ji Hosea. "Shi ya gyara rufin cocin nan bai karɓi ko sisi ba. Ki zaɓi duk waƙar da kike so a littafi, ni da kaina zan ja ta. Amma wannan, ki yafe mini."

"Alkawari na yi masa, Dattijo."

"To me ya gani a cikinta? Mutumin da ban taɓa jin ya yi zancen kuɗi ba. Ki ba ni dalili ɗaya da zan kai wa jama'a."

Ozella ta gyara zama. Ta dubi lasifikar, ta dubi Verlie, wadda ta miƙo wuya kamar kaza ta ga tsaba. Na san in ta buɗe baki, kafin a kunna fitilun titi labarin ya isa shagon Purnell. Ban shirya magana ba, sai na ji ta fito.

"Dattijo, Wardell bai taɓa jin waƙar nan ba."

"Ban gane ba."

"Waƙar da kai ka ƙi, mai kalmomi, ai bai ji ta ba ko sau ɗaya. Abin da ya sani shi ne wanda ke shiga ta tafin ƙafa. Zo ka gani."

Na sa shi ya ɗora hannunsa a inda fentin ya goge. Hannun Wardell ya fi nasa girma, yatsunsa ba su kai ƙarshen shaidar ba. Ozella ta ɗora allurar. Jitar ta taso, tagogi suka amsa, cokulan da ke kan tebur suka yi ƙara. Kafin muryoyin su shigo ta ɗage. Hosea bai janye hannunsa nan da nan ba.

"Wannan kaɗai ya roƙa," na ce. "A ba shi abin da ya ji, a bar muku sauran."

"Ba za a shigo da garmaho coci ba."

"Wa ya ce garmaho?" in ji Verlie. "Ogan ɗina yana da matakan ƙafa, Hosea, masu muryar ƙasa. Shekara nawa kana tsaye kusa da ni ba ka taɓa duban ƙafata ba?"

"Ni mai aure ne, Verlie."

"Ai shi ya sa matarka take ta addu'a. Zan taka masa abinsa da ƙafa, hannuna a cinya. Babu mawaƙi, babu ganga."

Hosea ya daɗe yana murza bakin hularsa. Na san ba mu yake gani ba, motocin nan yake gani. Daga ƙarshe ya ce, "In ana fita da shi kawai. Kuma kalma ɗaya kada ta fito a ɗakin Ubangiji. Ko ɗaya."

Ozella ta kama hannunsa da hannu biyu. A daren nan bangon bai yi tafiya ba, ni kuma sai na kasa barci saboda shirun.

Ranar Asabar aka yi ruwa tun safe, irin mai laushi da ba ya ɗaukewa. Cocin bai cika ba. Yawancin waɗanda suka san Wardell yana da ƙarfi sun riga shi, 'ya'yansu kuma sun watse kudu. Amma layinmu ya fito, da wasu tsofaffi daga masana'antar, kowanne da na'urar ji a kunne. Fasto ya yi wa'azi a kan gida mai ɗakuna da yawa. Aka rufe akwatin. Masu ɗauka suka jeru, Purnell da Skeet a gaba, ko da yake rabin nauyin jikokin Wardell ne suka ɗauka a baya.

Daga inda nake zaune ina ganin Verlie. Ta sunkuya ta tuɓe takalmanta, ta ajiye su gefe, ta naɗe hannuwanta a cinya kamar yarinya a aji. Sannan ta taka.

Ban san ogan ɗin nan yana da wannan muryar ba. Ta fito daga ƙarƙashin bencina, ta bi ta ƙashin bayana. Verlie ta ja ta a hankali, ba da saurin faifai ba, sai ta zama tafiyar mutumin da ya wuni tsaye. Akwatin ya fara bin tsakiyar coci, ƙafafun masu ɗauka suka faɗa cikin takun ba da saninsu ba. Ozella tana biye, 'yarta ta riƙe mata gwiwar hannu. Fuskarta a sake take, rabon da in gan ta haka tun kafin asibiti. Na ce a raina, Wardell, ga ka nan kana hawa matakala.

Sai aka zo wurin da allura kan tashi. Verlie ba ta tsaya ba, don akwatin bai kai ƙofa ba, ta sake zagayowa.

Babu wanda ya karya umarnin Hosea. Ko tari ba a yi ba. Amma da aka zo inda mawaƙan kan shigo, sai na ga leɓen matar da ke tsallaken hanya ya motsa. Na dubi na kusa da ita, shi ma. Na waiga. Benci bayan benci, tsofaffi da jikoki, masu hula da masu gyale, kowane baki yana buɗewa yana rufewa a kan kalma ɗaya, babu sauti. Ba da gangan suke yi ba. Wasu ma kuka suke, hawaye yana bin leɓen da ke cewa kuɗi. Skeet yana ɗauke da akwati yana yi. Purnell mai wa'azi yana yi. Na dubi Hosea a bakin ƙofa, ya dafe ƙirji, idonsa a rufe, leɓensa shi ma yana yi. Da na taɓa nawa bakin, na tarar ban tsira ba, ni da nake cewa tafiya kawai nake ji.

Ozella tana tafiya a tsakiya, fuskokin nan duk suna kallonta daga dama da hagu. Na ga ta dubi wannan, ta dubi wancan. Takunta ya rikice, 'yarta ta tallabe ta. Ba ta sake ɗaga kai ba har muka fita cikin ruwan.

Daga makabarta muka dawo ɗakin ƙasa na coci aka ci abinci. Soyayyiyar kaza, makaroni da cuku, ganye, irin dai na kullum. Skeet ya ce wannan ita ce komawa gida mafi daɗi da ya taɓa zuwa, ya ce in tasa ta zo a yi masa haka, amma da ganga. Hosea ya zo ya gaya wa Ozella cewa an cika alkawari, kuma ba a saɓa wa Ubangiji ba. Ta ce ta gode. Farantinta bai ragu ba.

Da yamma ruwan ya tsagaita. Muka zauna a matakalar gidanta mu uku, ni da ita da Verlie, wadda ta shimfiɗa jarida don kada rigarta ta jiƙe. A tsallake ana ganin giɓin da gidaje biyu suka bari, ciyawa ta fito a inda falon mutane yake a da.

"Kin taka masa da kyau, Verlie," na ce.

"Ƙafata har yanzu zugi take. Amma Ozella, yanzu dai an binne, ki gaya mini. Me ya haɗa Wardell da waƙar nan?"

Na zaci za ta kauce. Ina jin gajiya ce ta ci ƙarfinta, ko kuma ta ga wanda take karewa ya riga ya wuce inda dariya ke kaiwa. Ta faɗa mata, a gajarce, da tukunyar da babu komai da mutumin da ya gaji yana komawa gida. Ta ƙara da cewa in ta ji maganar nan a shagon Purnell, ta san bakin da za ta zo ta yaga.

Verlie ba ta yi dariya ba. Tana kallon tagar gidanta a tsallaken titi, inda takan tsaya ta yi gulma Wardell yana karanta ta daga nan inda muke zaune.

"Kin ga bakin mutane yau a coci?" ta ce.

"Na gani."

"Haka suke yi a kowane biki, Zella. A auren 'yarku an saka ta. Duk shekara in an tare layin nan an fito ana gasa nama, sai an saka ta, shi kuma yana tsakiya ba takalmi, hannu a lasifika, mu duka mun kewaye shi muna ihu a fuskarsa. Ba kullum idonsa ke rufe ba. Ni na sha ganin yana kallonmu."

Ozella ta sa hannu ta gyara hular da ba ta karkace ba. Wata motar bas ta wuce a babban titi, na ji ta a cikin dutsen matakalar kafin in ji ta a kunne.

"Mutumin da ke karanta bakina daga can," in ji Verlie, ta nuna tagarta da haɓa, "shekara arba'in ana faɗa masa kalma ɗaya a gaban idonsa. Ke da shi, wa yake rufa wa wani asiri?"